A ware wa wurin iyo fili tun kafin gidaje su cinye unguwa

Duk unguwar da ta tashi a gefen babban birni, kusan hanya ɗaya take bi wajen girma. Masu filaye su yanka, magina su shigo, gidaje su jeru. Kafin a ankara an buɗe shaguna da gidajen mai, makaranta ta cika maƙil, hukuma ta zo tana faɗaɗa titi. Masu tarewa a irin waɗannan wurare galibi matasan ma'aurata ne masu ƙananan yara, waɗanda tsadar haya ta koro daga tsakiyar gari. Sai a wayi gari unguwa ta tara dubban yara, amma wurin iyo na jama'a guda ɗaya ne, in ma akwai shi, wanda aka gina tun wurin yana ƙauye. Uwa ta kai ɗanta a koya masa iyo, a rubuta sunansa a ƙasan dogon jeri, a ce ta dawo bayan watanni.

A ganina wurin iyo mai rufi ya cancanci a zana shi a taswirar sabuwar unguwa ranar da ake zana makaranta da ɗakin shan magani. Na san da yawa za su ce wannan kayan alatu ne, abin da ake tunawa da shi bayan an gama da ruwan sha da wutar lantarki. Ina ganin kuskuren yana cikin ɗaukar iyo a matsayin wasa kawai.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A Amurka, duk da arzikinta, nutsewa ce ta fi kowane abu kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Abin ya kai ga Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan asara. Unguwa mai tasowa kuwa cike take da irin ruwan da ke cin yara: ramukan da magina suka haƙa suka bari damina ta cika, tafkunan da aka tanada don tare ambaliya, manyan magudanai, rijiyoyi da tankunan ƙasa da ba a rufe ba. Yaro da ruwa kamar ƙarfe da mayen ƙarfe ne, ko an hana shi zai je. Mai nutsewa kuma ba kasafai yake ihu ko ɗaga hannu ba, domin duk ƙarfinsa ya tafi wajen neman numfashi. Yakan tafi shiru, mutane na tsaye kusa.

Koyon iyo ba ya maye gurbin idon babba, kuma gwanin iyo ma ruwa na cinye shi. Amma yaron da ya san yadda zai kwanta rigingine ya yi yawo a saman ruwa, ya daidaita numfashinsa, ya kai bakin gaɓa, ya sami 'yan mintocin da a cikinsu ake ceto. Shi ya sa manhajar makarantun firamare a Ingila ta wajabta cewa kafin yaro ya gama, ya iya iyo na aƙalla mita 25 kuma ya san yadda zai kuɓutar da kansa. A Holan yara kan bi matakan shaidar iyo guda uku, A da B da C, har da iyo da tufafi a jiki, tunda wanda ya faɗa ruwa bai shirya ba da kayansa yake faɗawa. Sai dai manhaja takarda ce. Ba a koyon iyo a kan allo, kuma makarantar da sai ta ɗebi yara a mota na tsawon sa'a kafin su taɓa ruwa, darasin nata ba ya ɗorewa.

Yankin Seine-Saint-Denis da ke gefen birnin Paris misali ne mai kyau. Yanki ne mai yawan matasa da ƙarancin wuraren iyo, kuma kafin gasar Olamfik ta 2024 an sha nanata cewa kusan rabin yaran da ke shiga sakandare a can ba su iya iyo ba. Da aka tashi gina sabuwar cibiyar wasannin ruwa domin gasar, a Saint-Denis aka kafa ta, da niyyar ta koma hannun mazauna yankin bayan an watse. Sai da gasar duniya ta zo kafin aka tuna da su. Yawancin unguwanni ba za su taɓa samun irin wannan sa'a ba.

To me ya sa sai mai rufi? Saboda iyo abu ne da ake koya da naci, mako bayan mako, kuma wurin da ke fili yana bin ra'ayin sararin sama. A ƙasashe masu sanyi wuraren iyo na waje kan buɗe ne wata uku ko huɗu na lokacin zafi, daidai lokacin da makarantu ke hutu, sannan a kulle su duk tsawon zangon karatu. A ƙasashe masu zafi matsalar daban ce: rana mai ƙuna da tsakar rana, ƙura da ke gurɓata ruwa, hadari da walƙiya da ke sa a fitar da kowa, ga hasken rana da ke cinye sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Akwai kuma batun ma'aikata, wanda ba a cika kula da shi ba. Malamin iyo da mai ceton masu nutsewa ba za su zauna a aikin wata huɗu ba. Wurin da ke aiki shekara cur shi ke iya riƙe ƙwararru.

Ba yara kaɗai ke amfana ba. Wanda ya shiga ruwa har wuya, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kawai gaɓoɓinsa ke ɗauka, don haka dattijo mai ciwon gwiwa, da mai ƙiba, da mai juna biyu, da wanda ke murmurewa daga tiyata, suna iya motsa jiki a ruwa yadda ba za su iya a ƙasa ba. Gini mai rufi kuma yana ba da sirri, ana iya ware sa'o'i na mata zalla ko na tsofaffi, abin da wurin da kowa ke leƙe daga titi ba zai bayar ba.

Masu adawa suna da hujja, kuma hujjarsu kuɗi ce. A nan ba zan yi musu da su ba: wurin iyo mai rufi yana cikin gine-ginen jama'a mafi cin kuɗi wajen gudanarwa, kuma da wuya kuɗin shiga ya riƙe shi. Dole famfuna su yi ta juya ruwan ta cikin matata dare da rana. Dole a riƙe ɗuminsa, na gasa tsakanin digiri 25 zuwa 28, na ƙananan yara ya fi haka. Mafi yawan zafin kuma ta tururin da ke tashi daga saman ruwa yake guduwa, sai an sa na'urori su tsotse damshin su shigo da sabuwar iska. Wannan warin da ke bugun hanci a wasu wuraren iyo, wanda mutane ke ɗauka alamar tsafta ce, a gaskiya yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, kuma in ya yi yawa alama ce ta iska ba ta fita yadda ya kamata. Wannan iska mai damshi tana cin ƙarfe ma. A garin Uster na ƙasar Suwizalan, a 1985, silin kankare na wani wurin iyo ya rufto ya kashe mutum 12, saboda ƙarafan da ke riƙe da shi sun tsattsage a ɓoye. Da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2022, wurare da dama sun rage ɗumin ruwa, wasu suka rufe, har gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 63 a kasafin 2023 domin tallafa wa wuraren iyo na Ingila. Duk wanda zai gina bai tanadi kuɗin gyara da na wuta na shekaru masu zuwa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma abin da wannan hujja ke koyarwa shi ne a gina daidai ruwa daidai tsaki. 'Yan siyasa na son katafaren wuri irin na Olamfik saboda yana kyau a hoto ranar yanke ƙyalle. Irin wannan, mai tsawon mita 50 da faɗin mita 25 da zurfin mita 2, yana shan lita miliyan 2 da rabi. Wuri mai tsawon mita 25 da layi shida, wanda zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici, bai kai lita dubu 500 ba. A haɗa masa ƙaramin kwami marar zurfi na masu koyo, an biya buƙatar makarantu da iyalai da tsofaffi. Uku irin wannan a warwatse, kowanne kusa da makaranta inda yaro zai taka da ƙafa, sun fi ƙato ɗaya a bakin babban titi wanda sai mai mota. Akwai kuma dabarun rage kashewa. Lulluɓe ruwan da dare yana tare tururi. A Exmouth da ke kudancin Ingila, a 2023 aka fara amfani da zafin da kwamfutocin wata ƙaramar cibiyar adana bayanai ke fitarwa wajen ɗumama ruwan wurin iyo, cibiyar Saint-Denis ma tana samun zafi ta irin wannan hanya.

Wasu za su ce a bar wa 'yan kasuwa. Otal-otal da gidajen motsa jiki suna da nasu, amma na wanda ya iya biya ne, kuma ba ɗansa ne ke zuwa ramin magina ya yi wanka ba. Ingila ta gane haka tun 1846, lokacin da ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon gina wuraren wanka na jama'a da kuɗin haraji. Ɗan kasuwa na iya gudanar da wurin bisa yarjejeniya, amma a rubuta a ciki cewa sa'o'in safe na makarantu ne, kada ƙungiyoyin 'yan gasa da masu biyan kuɗin wata su kwashe layuka duka.

Abin da ya fi gaggawa shi ne fili. Kuɗin gini ana iya nemansa baɗi ko baɗin baɗaɗa, amma filin da aka yanka aka sayar ya tafi ke nan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan unguwa ta cika, sai dai a sayi gidaje a rushe ko a tura wurin can bayan gari inda masu buƙatarsa ba za su kai ba. Hukumomin tsara birane a ƙasashe da yawa sun riga sun saba ɗora wa kamfanonin gine-gine sharaɗin ba da fili ko kuɗi domin makaranta da titi kafin a ba su izini. Babu abin da ya hana a ƙara wurin iyo a wannan jeri. Mazauna unguwar da har yanzu ke da sauran gonaki a gefenta su nemi a nuna musu taswirar da aka amince da ita, su duba ko akwai fuloti da aka ware kusa da makarantar firamare, in babu su kai ƙorafi a rubuce kafin a sa hannu a kan rukunin gidaje na gaba.