Ruwan da ya yi mini karatu shi ya cinye gonar kawuna

Da kuɗin tumatir da shinkafa aka yi mini karatu. Mahaifinmu, Allah Ya gafarta masa, yana da 'yar gona a yankin Kura, a bakin kanal ɗin da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga. Abin da muka ci, da suturar da muka sa, da kuɗin makaranta, duk daga noman ranin nan suka fito. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce maƙiyin dam ne ya rubuta. Na ci moriyar dam, har gobe kuma 'yan'uwana suna ci.

Mahaifiyarmu kuwa 'yar ƙasar Haɗeja ce, daga wani ƙauye can cikin fadama ta wajen Guri. Wani zuwa da na yi gaishe da kawuna, na same shi da sanyin safiya cikin ruwa har ƙirji, shi da samarin gari, kowa da lauje ko adda, suna saran kacalla don su buɗe wa ruwa hanya. Ciyawar ta fi tsawon mutum, ta yi duhu kamar gonar rake. Da ya fito ya zauna bakin gaɓa yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa, jini na bin ƙafar, sai ya nuna mini wani wuri da haɓa.

Ya ce, "Ɗan nan, ka ga inda kwale-kwalen can yake? Nan ce gonar kakanka. Da damina shinkafa muke yi, ruwa na janyewa mu bi shi da wake, in mun cire Fulani su sako shanu su ci harawa. Yanzu ruwan ba ya zuwa lokacin da muke so, in ya zo kuma ba ya tafiya."

Na ce, "Kawu, ai aikin raya ƙasa aka yi."

Ya ce, "An raya taku, Allah Ya sa albarka. Mu dai ba wanda ya tambaye mu."

Maganar nan ta daɗe tana cina, domin gaskiya ce, kuma ni ina cikin waɗanda aka raya tasu.

An gina Tiga a kan kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa ƙasar Hausa da Sahel baki ɗaya. Duk wanda ya ga yunwar shekarun nan ba zai ga laifin shugaban da ya ce a tare ruwa ba. Tafki ne mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga shi aka ja kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogunan biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gangara ya bazu a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, ya zama kogin Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam da Damasak, ya raba Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, ya faɗa tafkin Chadi.

Da can kogin yana da lokacinsa. Ya cika ya tumbatsa wajen watan Agusta da Satumba, ya shimfiɗu a fadama, sannan ya janye a hankali, da rani ya ƙafe. Rayuwar mutanen ƙasa gaba ɗaya a kan wannan zuwa da tafiya aka gina ta. Kifi yana hayayyafa a cikin malalen ruwa, manomi ya bi laima, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, rijiyoyi su cika ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka datse, sai abin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa a kai a kai saboda masu ban ruwa da masu shan famfo a Kano. Kogin da ya saba bushewa ya daina bushewa. Ita kuwa kacalla abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru, ruwan ya karkata ta wani reshen kogin da ake kira Marma ya kwanta a gonakin mutane har Nguru, waɗansu garuruwan kuma suka daina ganinsa. Wani na kukan ruwa ya yi masa yawa, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa, duk a kogi ɗaya. Ga sauro, ga tsuntsun jan baki da ya sami maɓoya, in ya sauka a gonar shinkafa kafin azahar ya gama da ita.

Faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a fadamar a shekarun 1960 ya kan doshi hekta 300,000. Daga baya akwai shekarun da bai kai 100,000 ba. Ba dam kaɗai ya jawo haka ba, ƙarancin ruwan sama ma ya taka rawa. Haka nan ba na cikin masu ɗora wa Tiga alhakin ƙafewar tafkin Chadi, domin mafi yawan ruwan tafkin daga kogin Shari da Lagon yake zuwa, na Yobe ɗan kaɗan ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da masana suka yi tun farkon shekarun 1990. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa sun auna abin da fadama ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin ban ruwa na kogin Kano ke samarwa. Suka gano cewa idan da mudun ruwa za a auna, ruwan da aka bari ya malale a fadama ya fi wanda aka tura kanal amfani ninkin ba ninkin. Wato ko da idon riba kaɗai aka duba, ba da idon tausayi ba, na ƙasa suna da hujja. Sama da shekara 30 ke nan da sanin wannan. Me ya sa bai sauya komai ba?

Saboda ba lissafi ke yanke hukunci ba, buƙatar wanda ke zaune a teburi ce. Gwamna yana son abin da zai yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto kafin wa'adinsa ya ƙare. Dam ana ganinsa, ana sa masa allo da suna. Ambaliyar da aka bari ta yi aikinta ba ta da allo, ba a gayyatar sarakuna bikin buɗe ta. Kamfanin gine-gine kuma siminti da ƙarfe da tonon ƙasa yake sayarwa, ba wanda zai ba shi kwangilar barin kogi yadda Allah Ya yi shi. Mai injin casar shinkafa yana son shanshera ta riƙa shigo masa rani da damina. Ma'aikacin da ke rubuta rahoto ya san irin rahoton da ke kawo kasafi mai tsoka. Manomi irin mahaifina yana son ruwa a kanal ranar da tumatirinsa ke fure, kuma ba shi da laifi. Kowa a cikinsu yana da dalilinsa, ba na kiran kowa ɓarawo. Amma masunci a Nguru da makiyayi a Gashuwa da mai noman tattasai a Diffa su ma suna da dalilinsu, sai dai ba su da kujera a wurin.

Sai kuma babbar rigar da ake lulluɓe komai da ita: kishin ƙasa. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce mu noma tamu, aka buɗe wa masu ban ruwa hanya. Bayan 'yan shekaru aka janye dokar. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki saboda shinkafa, aka buɗe a ƙarshen 2020. Kowace manufa ta zo da hayaniyarta ta wuce, amma ruwan da aka karkatar dominta bai koma ba. Ni ma ina son ƙasata ta ciyar da kanta. Tambayata ita ce, shinkafar da kawu ke nomawa da ruwan ambaliya ba tare da ko kwabon gwamnati ba, ita ba abincin ƙasa ba ce? Tarwaɗa da karfasar da ake bandawa ana lodawa daga Nguru da Haɗeja zuwa kudu fa?

Mun ma taɓa ganin inda abin ya kai ga jini. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina dam a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Aikin da aka ce don manoma aka yi shi.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana yanzu shi ne Kafin Zaki. Dam ne da aka tsara a ƙasar Ningi ta jihar Bauchi, a kan ruwan da ke ciyar da kogin Jama'are, kuma a tsarinsa zai fi Tiga ɗaukar ruwa. An fara shi a zamanin Shagari, aka tsaya, aka farfaɗo da shi a zamanin Babangida, aka sake tsayawa, kuma duk lokacin siyasa sai an tayar da zancensa. Mutanen Bauchi suna cewa Kano ta tare nata ta yi arziki, don me za a hana mu? Wallahi ina jin zafin maganarsu, domin ni ɗan wanda ya ci moriyar irin wannan ne. Mutanen Yobe da Borno kuma suna cewa tunda kacalla da yashi suka riƙe ruwan Haɗeja, Jama'are ce kaɗai ta rage musu, ita ce ke kawo yawancin ruwan da ke wucewa ta Gashuwa. In aka datse ta, me za su sha? Dukkansu gaskiya suke faɗa. Abin da nake tsoro shi ne a yanke hukuncin a wani ofis a Abuja bisa wane ne ke da ƙarfi a majalisa a shekarar, da wane kamfani ne ya riga ya shirya takardunsa, alhali yaran da za su rayu da sakamakon ba a ma haife su ba. Dam ba rumfar kasuwa ba ce da za a kwance in ba ta yi ba.

Najeriya kanta ta san zafin zama a ƙasan kogi. A kogin Kwara mu ne na ƙasa, Nijar da Mali da Gini suna samanmu. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 da ruwan da ya ratso Yamai take ba da wuta. Shekara da shekaru Najeriya na tura wa Nijar lantarki, har ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita, kuma jami'anmu da bakinsu sun sha faɗin cewa hikimar ita ce kada maƙwabciya ta ga buƙatar datse kogin. Da aka yi juyin mulki a Yamai a watan Yulin 2023, sai aka katse wutar cikin 'yan kwanaki, asibitoci da gidajen talakawa suka shiga duhu har watanni. Yanzu da wane baki za mu ce wa ɗan Nijar kada ya ƙarasa madatsar Kandaji da aka aza harsashinta tun 2008 a jihar Tillaberi? Fushin mako guda ya taɓa amanar shekara 50. Adalcin da muke roƙo daga na samanmu a Kwara, shi mutanen Diffa da Gaidam ke roƙo daga gare mu a Yobe.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Malamanmu suna karantar da hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke kan ruwan kwarurrukan Madina: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. An ba na sama haƙƙinsa, aka kuma yi masa iyaka da ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa. Mu a nan ina idon sawunmu? Wa ya san ranar da za a buɗe Tiga ko Challawa, da yawan abin da za a sako? Sau da yawa mutumin Auyo ko Kirikasamma sai dai ya ji a rediyo ana cewa a tashi daga bakin kogi.

An taɓa kama hanya. A 2006 jihohi 6 da ke cin wannan ruwa, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogin, aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Daga 2014 kuma Bankin Duniya ya zuba kuɗi a gyaran manyan ayyukan ban ruwa, ciki har da na kogin Kano da na kwarin Haɗeja da Bakolori. An gyara kanal, na gani da idona a Kura, manoma sun ji daɗi. Amma gyaran kanal daban, rabon ruwa daban.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Kafin a sake zuba ko buhun siminti ɗaya a Kafin Zaki, a rubuta a doka yawan ruwan da dole a saki kowace damina, da watan da za a sake shi, a buga a sanar da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci. A yi wa Tiga da Challawa irin wannan jadawali, har da barin kogi ya ɗan bushe da rani don kacalla ta ji jiki. A sa sarkin ruwa da ardo da wakilan manoman fadama a kwamitin da ke riƙe da makullin, da ƙuri'a a hannunsu, ba kujerar 'yan kallo ba. Duk wanda kuma zai yi magana a kan aikin, sanata ne ko ɗan kwangila ko marubuci irina, ya fara faɗin abin da zai samu ko zai rasa.

Ni na faɗi nawa. In aka bi wannan tsari, akwai makonnin da ruwa zai ragu a kanal ɗin Kura, kuma ƙannena da suka gaji gonar mahaifinmu za su ji a aljihunsu. Na gaya musu haka ranar da muka haɗu wajen suna, babban cikinsu bai ji daɗi ba, ya ce in bari sai ya sayar da albasar bana mu yi maganar. Kawu kuma ya aiko a gaya mini sun sake shiga saran kacalla, wannan karon ta gefen makarantar firamare, domin ruwa ya fara taɓa katangar.