Bitamin D ba na ƙashi kaɗai ba ne

Na gaji da jin ana cewa bitamin D maganin gwamen yara ne, babba ba ruwansa da shi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Amma tsoka ma na buƙatarsa, haka garkuwar jiki.

Ɗauki tela a Agege da ke kan keke tun safe har magariba. In cinyoyinsa suka yi sanyi, hawa bene ya gagara, sai ya ce gajiya ce, alhali ƙarancin bitamin ɗin na kawo haka. Fata ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi ɗaukar lokaci. Hasken da ya ratso gilashi ba ya yi. Kifin titus da gwaiduwar ƙwai na taimakawa.