Kaka ta yi, amma ina kayan kaka?

Na je gida a ƙarshen watan Oktoba, kamar yadda na saba kowace shekara, domin in ga abin da gona ta bayar kuma in gaida dattawa. Ƙauyenmu yana arewacin Kano, a cikin karkarar da ke tsakanin Dambatta da Kazaure. Na tarar gero ya shiga rumbu, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, iskar safiya kuma ta fara ɗauko ƙurar hunturu. Alhamdu lillahi, an samu amfani daidai gwargwado. Sai dai na dawo da wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma ina so in faɗe shi a nan, musamman saboda 'yan uwana 'ya'yan karkara da boko ko kasuwanci ya kawo mu birni.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa kaka ba lokacin girbi kaɗai ba ce. Ita ce lokaci guda a shekara da manomi yake da abin hannu, saboda haka a cikinta ake biyan bashi, a ɗaura aure, a yi wa iyali ɗinki, kuma a sallami masu sana'a. Maƙerin da ya gyara maka fartanya da garma tun farkon damina bai karɓi ko kwabo ba, yana jiran daminsa na gero. Wanzami ma haka. Makaɗin noma da ya bi gayya gona-gona da gangarsa yana zuga samari har suka gama kunya, da kaka yake zagayowa ya karɓi alkawarin da aka yi masa a bakin gona. Masassaƙi ya kai turmi da taɓarya da akushi kasuwa domin ya san iyayen amare sun fito sayayya, mai ginin tukwane ta ƙona tukwanenta, masu saƙar faifai da tabarma su fito da abin da suka tara. Wato fasahar karkara da kiɗanta ba su taɓa rayuwa a kan tausayi ko tallafin hukuma ba. A kan hatsin manomi suka rayu, kuma kaka ce ranar albashinsu.

Lokacin da nake yaro, da zarar an gama shigar da amfani sai sarkin samari ya tara jama'arsa a sa ranar kalankuwa, a aika wa ƙauyukan makwabta goron gayyata. Da la'asar a yi kokawa, wani lokaci mahauta su ɗaura zare a yi dambe, 'yan tauri su fito da wuƙaƙensu, 'yan hoto su riƙa cilla garma sama suna tarbe ta da ƙirji, gardawa su zo da kura a ɗaure da takunkumi, mu yara muna leƙe ta bayan manya. Da daddare kuma, idan farin wata ya fito, kalangu ya karɓi dandali, 'yan mata su yi gaɗa da waƙoƙin da su da kansu suka ƙirƙira, suna yi wa wannan habaici suna yabon wancan. Ba wanda ya kira abin da sunan bikin raya al'adu, kuma babu wani babban baƙo na musamman. Amma a irin wannan fage aka yi renon manyan makaɗan da muke tinƙaho da su a yau. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a dandalin Musawa da kasuwannin ƙauyukan Katsina ya fara buɗe murya, Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuma, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara a bayan mahaifinsa kafin ya zama makaɗin fada.

A wannan zuwan na halarci bukukuwan aure guda biyu, kuma a dukkansu abin da na tarar iri ɗaya ne: janareta, manyan lasifikoki biyu, da wani yaro riƙe da waya yana sauya waƙa. A biki na biyu na hango tsohon makaɗin garinmu zaune a gefe a kan tabarma, an ba shi tuwo kamar kowane ɗan gayya. Da na gaishe shi na tambaye shi ina kalangun, sai ya ce mini fatar ta yage tun bara, kuma bai ga dalilin da zai sa ya kashe kuɗi a kan abin da ba mai neman sa ba. Ɗansa da ya fara koya yana Kano yana acaɓa. Bai faɗi wannan cikin ƙorafi ba, ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin taki.

Abin da ya fi wannan ci mini rai a cikin gidanmu ya faru. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da jere irin na matan da: tasoshin tagulla masu zane, waɗanda ta ce wasunsu daga Bida aka kawo su lokacin auren mahaifiyarta, da akushi baƙi wuluk wanda man shanu ya ratsa shi, da ƙorai masu zanen wuta, da tandun kwalli, da wani adudu da take ajiye zannuwanta na saƙi. Na shiga ɗakin na tarar da robobi da kulolin zamani. Da na tambaya, sai aka ce mini 'yan gwangwan sun zo wata rana, an ɗora tasoshin a sikeli an sayar da su a kan nauyi, akushin kuma ya tsage an sa shi a murhu. Wanda ya sayar bai yi da mugun nufi ba, a ganinsa ya rage tarkace ne kuma ya samu na cefane. Tasar da wani maƙeri ya zauna kwanaki yana bugawa da zanawa, wadda ta shiga ɗakin amare uku a jere, an auna ta daidai da tsohon famfo da wayar wuta, kuma mai yiwuwa tuni an narkar da ita.

'Yan gwangwan aƙalla ba su san abin da suke saya ba. Akwai wasu dillalan da suka sani sarai, waɗanda suke bin kasuwannin mako irin ta Maigatari ranar Alhamis, da ta Wudil ranar Juma'a, da ta Dambatta ranar Lahadi, su kuma kutsa ƙauyuka suna tambayar tsofaffin takubba da mundaye da kayan doki da littattafan rubutun hannu a cikin gafaka. Suna zuwa ne daidai lokacin da ake neman kuɗin aure, su ba da abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuma su ɓulla a shagunan kayan tarihi na Abuja da Legas ko a ƙasashen waje, ba sunan garin da suka fito, ba sunan wanda ya ƙera su. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarun 1990 an haƙe wurare da dama a ƙasar Nok da ke kudancin Kaduna, da yankin Kwatarkwashi a Zamfara, da wasu sassan Katsina, aka kwashe mutum-mutumin yumɓu masu daɗaɗɗen tarihi, wasunsu sun haura shekara 2000, aka fitar da su ta ɓarauniyar hanya. A shekarar 2000 an baje wasu daga cikinsu a babban gidan tarihi na Luba da ke Paris, kuma sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta cinikin kayan tarihi ba ta hannun hukumar ko wakilinta ba, ta kuma hana fitar da su ba tare da izini ba, har ma ta sa kayan fasahar gida da aka yi kafin 1918 a cikin wannan rukuni. Amma ina tambaya: a ƙauyukanmu mutum nawa ne suka taɓa jin labarin wannan doka, ko da a rediyo?

Ba na zargin talakan da ya sayar. Mutumin da yake da 'ya a ɗaki tana jiran gado da katifa ba za ka yi masa wa'azin tarihi ba. Kuma ba ina cewa a koma ɗaukar ruwa da tulu ba, domin matar da take zuwa rijiya sau biyar a rana ta fi ni sanin dalilin da ya sa ta zaɓi jarka. Barin amfani da abu daban, hallaka shi daban. Laifin da nake gani namu ne, mu da muka yi karatu, muka shiga Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos muka tsaya muna sha'awar irin waɗannan kayayyaki a cikin gilashi, alhali irinsu suna ƙarƙashin gadon kakanninmu ba mu taɓa tambayar labarinsu ba. Mu ne muke aika kuɗin biki daga birni, kuma mu ne muke cewa a ɗauko mai lasifika domin kada a ce bikin ƙanwarmu na ƙauye ne. Kuɗin kaka da a da yake zagayawa tsakanin manomi da maƙeri da makaɗi, yanzu yana tafiya ne ga mai man janareta da mai shigo da roba.

Na san wani zai ce ai malamai ne suka hana kalankuwa, kuma sun yi daidai. Ban musa ba cewa akwai abubuwan da ba su dace ba a cikin wasannin da: akwai caca, akwai shaye-shaye a wasu wurare, akwai cuɗanyar samari da 'yan mata da ta wuce iyaka, akwai kuma bukukuwa irin su shan kabewa waɗanda tushensu bori ne. Wanda ya yi nasiha a kan waɗannan bai yi laifi ba. Sai dai a duba abin da ya maye gurbin. An kori mai kalangu da yake yabon manomin da ya fi kowa dami, aka bar lasifika tana kwana tana zuba kalaman da dattijo ba zai iya maimaita su a gaban 'ya'yansa ba, cuɗanyar kuma tana nan yadda take, in ma ba ta ƙaru ba. Sannan ban ga abin da ya haɗa wannan muhawara da akushi ko tasa ko saƙar faifai ba, amma su ma sun bi sahu sun tafi.

A wasu yankunan kuwa ba zaɓi ba ne. A Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato akwai garuruwan da manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, kuma a watan Satumba na 2021 hukumomi sun rufe kasuwannin mako tare da katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Wanda yake kwana a daji ba zai buga ganga da daddare ya sanar da ɓarayi inda jama'a suka taru ba. Abin takaicin shi ne wannan yanki shi ne mahaifar manyan makaɗan fada da na noma da na dambe, kuma idan gari ya watse, kayan gado ne farkon abin da ake bari ko a sayar a kan hanya. Mu da Allah ya bar mu da sauran zaman lafiya a ɓangarenmu ba mu da wannan uzuri.

Hukumomi suna shirya bukukuwan al'adu a filayen wasa na manyan birane, makarantu kuma suna ware rana guda a sa wa yara kayan saƙi a ba su ƙwarya su ɗauki hoto. Ba na raina wannan, amma makaɗin da aka ɗauko a mota sau ɗaya a shekara ya yi minti goma a gaban manyan baƙi ba zai iya riƙe ɗansa a sana'ar da wannan ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu dabara a kan kokawa: tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta yake karɓar takobi, a Tawa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, ana tace 'yan kokawa tun daga ƙananan garuruwa, makaɗa da masu kirari suna biye da su, ƙasa gaba ɗaya kuma tana manne da rediyo da talabijin har a gama. Dambe ma a wajenmu ya nuna cewa jama'a suna biyan kuɗin ƙofa su kalli abin gida, ga kuma miliyoyin masu kallonsa a YouTube. Matsalarsa ita ce ya tattara ya koma gidajen dambe na birane, ƙauyen da ya haifi 'yan damben bai cika ganinsu ba.

Abin da nake roƙon 'yan uwana ba ya buƙatar kwamiti. Idan za ka aika kuɗin bikin gida a wannan kaka, ka ware na makaɗin garinku, kuma ka biya shi kamar yadda za ka biya mai lasifika, ba sauran canji ba. Ka ɗauke shi a wayarka, ka faɗi sunansa da garinsa da ranar, ka bar shi ya faɗi wanda ya koya masa. Idan Allah ya sa kakarka tana raye, ka zauna da ita ta nuna maka kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta inda kowanne ya fito a takarda ka ajiye tare da shi, domin tasa marar labari tagulla ce kawai a idon magada. Idan kuma dole ta sa za a sayar, kai ka saya ta zauna a cikin dangi. Hakimai da dagatai ma suna iya ware ɗaki guda a ƙofar fada inda iyalai za su ba da ajiyar irin waɗannan kaya da sunansu a rubuce.

Kafin in taho na koma wajen dattijon nan na ba shi kuɗin fata da tsarkiya. Ya jujjuya kuɗin a hannu, ya ce mai yi masa gyaran ya rasu, amma akwai wani a wajen Kazaure da zai nema ranar kasuwa. Mun yi da shi cewa idan an yanke dawa zan dawo bikin ɗan ƙanina, kuma shi zai buɗe fili kafin a tada janareta. A gida kuma na tarar da tasa guda ɗaya da ta tsira, saboda an mayar da ita mazubin ruwan kaji a bayan ɗaki. Na wanke ta da toka da tsamiya, zanen ya fito, yanzu haka tana nan a wurina, kuma gwaggona ta yi alkawarin gaya mini amaren da suka shiga ɗaki da ita idan na koma.