Zumunta a Ƙafa Take: Ga Ƙungiyoyin Cocinmu

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa, musamman iyayena da ƙannena na Zumuntar Mata.

Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun watan jiya, yau dai sai na fito da ita. Wata baiwar Allah ce da ke zama a bencin baya na cocinmu a nan Marwa, arewacin Kamaru. Daga wajen Gwoza ta gudo lokacin da Boko Haram suka watsa garuruwansu, ta yi shekaru a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, daga baya ta shigo gari. Mijinta bai tsallako iyaka ba. Ba ta jin Faransanci, Fulatancinta bai wuce na gaisuwa ba, da Hausa take sayen gishiri, da ita take addu'a. Lahadi uku ba a gan ta ba. Da na je, na tarar da ita kwance a tabarma, kwanon ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda, jikanyarta 'yar shekara tara tana hura wuta za ta dama mata kunu. Na leƙa randa, ƙasa ce kawai a gindinta. Ta ɗago kai ta ce, "'Yata, na ɗauka kun manta da ni." Bakina ya mutu.

Ku ƙirga ƙungiyoyin da dayosis na Angilikan, wato yankin da bishop ke kula da shi, ke da su. Ga Ƙungiyar Iyaye Mata, ga Zumuntar Maza, ga matasa, ga mawaƙa, ga malaman makarantar Lahadi, ga 'yan birged maza da mata, ga masu fita bishara, ga kwamitin jin ƙai. Kowace da shugabanta, da ma'ajinta, da ranar bikinta. Alheri ne wannan, ba na raina ko ɗaya. Amma da na bi sawu, sai na ji mata sun zaci kwamitin jin ƙai ya je, 'yan kwamiti sun zaci Rabaran ya sani, Rabaran kuma ba wanda ya kai masa labari. Dambu ya yi yawa, bai ji mai ba. Laifin ya fi nauyi a kanmu mu masu jin Hausa, domin mu kaɗai take iya faɗa wa inda ke mata ciwo.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Urushalima. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi sun yi yawa, ana rabon abinci kullum, sai masu jin Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu. Kun ga, harshe ne ya raba. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Suka tara jama'a suka ce a zaɓi mutum bakwai da ake shaidarsu, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Abin da ke taɓa ni shi ne, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya. An miƙa ludayin ga waɗanda ke jin bakin masu kukan. Kukan gwauraye ne ya haifi wannan tsari na hidima, mu kuwa muna da tsarin a hannu, kukan ya wuce mu.

Iyayena mata, mu tuna asalinmu. A 1876 Mary Sumner, matar wani limamin Angilikan a ƙauyen Old Alresford na Ingila, ta tara matan ƙauyen a gidanta, masu hali da marasa hali, bayan 'yarta ta yi haihuwar fari. Ta tuna yadda nauyin goyo ya tsorata ta, ta ce kada wata uwa ta ɗauke shi ita kaɗai. A taron farko ma tsoro ya hana ta magana, sai mijinta ne ya tsaya a madadinta. Daga wannan ɗakin Ƙungiyar Iyaye Mata ta yaɗu har ta iso mu. Yau muna iya cinye zama biyu kan kalar zanen anko da kuɗin ɗinki. Ina son anko, na sa shi na yi rawa da shi a gaban Ubangiji. Amma a Yafa, ranar da Tabita, mai bin nan mai taimakon matalauta, ta rasu, gwauraye sun kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. A jikinsu ɗinkinta yake.

Kada kuma mu jingina komai ga bishop. Kujerar dayosis ɗin Kamaru tana Duwala, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Sai an bi Yawunde, a kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, a kama mota a ratsa Garwa kafin a iso. Daga can ba a hango randar da ta bushe a unguwar Domayo ta nan Marwa. Maƙwabci ke ganinta.

Matasa, ku da ke yawo da kilando, wato babur na haya, kai tsohuwa asibiti ba zai karya muku jari ba. Iyaye maza, damina na tafe, akwai gwaurayen da ɗakinsu ke yoyo tun bara. Mawaƙa, wanda ciwo ya kwantar ma yana marmarin waƙar yabo, ku kai masa har gida.

Ga abin da nake roƙo, na kuma riga na shaida wa Maman Zumunta. Ran Alhamis bayan addu'a, kowace ƙungiya ta turo mutum ɗaya. Mu rubuta sunayen gwauraye, marayu, baƙi da marasa lafiya a littafi guda, a gaban kowane suna a sa harshen da yake ji da sunan wanda zai riƙa leƙa shi. Wanda aka rasa a sujada Lahadi biyu a jere, kada Talata ta wuce ba a taka gidansa ba. Maman nan da ta zo daga Gwoza ta fara samun sauƙi, tana iya zama, amma har yanzu ba ta iya ɗaukar jarka. Mai tiyar dawa ko sabulu ya riƙo, daga coci gidanta za mu wuce.