Murmushin Escobar ba kayan ado ba ne

Tun da aka gabatar da ƙudiri a majalisar dokokin Kolombiya a 2024 na hana sayar da riguna da sauran tarkace masu ɗauke da fuskar Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin hodar ibilis na ƙasar, ake ta jin masu kare wannan kasuwa da sunan fasaha. Hujjarsu ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba a kan 'yan tebur na Medellín, birnin da Escobar ya yi sansani, kaɗai maganar ta tsaya ba. Ta shafi masu zanen zamani na Turai da Amurka, waɗanda suka mayar da tsofaffin hotunan da 'yan sanda ke ɗaukar masu laifi hanyar cin abinci.

Mai karatu ya san hoton. A 1976 aka ɗauke shi bayan an kama Escobar da hodar ibilis: matashi mai cukurkuɗaɗɗen gashi, allo mai lamba a ƙirjinsa, yana washe baki kamar ango. Yau mai zane sai ya ɗauko wannan hoto, ya shafa masa ruwan hoda da rawaya, ya barbaɗa ƙyalƙyali, ya sa masa farashi, attajiri ya saya ya rataye a falo. Mai wannan murmushi shi ne ya sa aka kashe ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla a 1984, da editan jaridar El Espectador, Guillermo Cano, a 1986. Mutanensa ne suka dasa bam a jirgin saman kamfanin Avianca a Nuwamban 1989, mutum 107 da ke ciki babu wanda ya tsira. Babu fuskar ko ɗaya daga cikinsu a bangon wani falo. Marayunsu kuwa suna nan da ransu, suna ganin makashin iyayensu a jikin rigar 'yan yawon buɗe ido.

Da an matsa musu sai masu zanen su fake da Andy Warhol, shahararren mai zane ɗan Amurka. To, a duba abin da Warhol ya yi. A 1964, lokacin baje kolin duniya na birnin New York, ya ɗauko hotunan mutum 13 da 'yan sandan birnin ke nema ruwa a jallo, ya faɗaɗa su, ya manna a jikin ginin gwamnatin jiha. Cikin 'yan kwanaki aka shafe su da fenti ruwan azurfa, tun kafin a buɗe bikin. Hotunan baƙi da fari ne, ba kwalliya, kuma yawancin mutanen ba wanda ya san su. Ya ajiye wa hukuma abin da take ƙyamar gani a ƙofar gidanta, kuma ya rasa aikin. Magadansa na yau ba su rasa komai. Suna zaɓen Al Capone, tsohon ubangidan 'yan daba na Chicago, da Escobar ne don sun san suna ne ke sayar da kaya.

Masu cewa zanen yana sukar al'ummar da ke bautar shahara ne, su nuna mana wanda ya taɓa saye don ya ji kunya.

Ba kowane hoton ofishin 'yan sanda nake nufi ba. Na Rosa Parks, baƙar fatar Amurka da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, wanda aka ɗauka a 1956 tana riƙe da lamba 7053, ya cancanci kowane bango, domin dokar wariyar launin fata ce mai laifi a wurin. Alphonse Bertillon, wani jami'in 'yan sandan Faransa, ya tsara wannan salon ɗaukar hoto a Paris a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, don a gane mutum idan ya sake faɗowa hannu. Hoton ba ya bambanta mai neman 'yanci da mai kisan gilla. Aikin mai zane ne ya bambanta, kuma wanda ya shafa wa Parks da Escobar launi iri ɗaya ya jera su a kanti ɗaya ya gaza, ko kuma ya sani ya kau da kai saboda kuɗi.

Mu da muke binne 'yan'uwanmu a Zamfara da Katsina ba ma bukatar dogon bayani. A ce wani ya ƙawata fuskar ƙasurgumin ɗan bindigar daji ya kai ta kasuwar Landan, wa zai yarda a kira wannan fasaha?

Doka kaɗai ba za ta kashe kasuwar ba, tunda tana ci har a intanet. Gidajen baje zane da manyan shagunan intanet su daina karɓar irin wannan kaya. Wanda ya nace sai ya sayar, a tilasta masa rubuta sunayen waɗanda aka kashe a jikin zanen, a kuma cire wa iyalansu kaso daga ribar.