Hatimin meri bai isa ba in takarda za ta fita waje

Ƴan uwa na Damagaram, akwai kuskuren da ake yawan yi. Mutum ya kai kwafin takardar haihuwa ko diplom ɗinshi meri, wato ofishin magajin gari, ko komisariyar ƴan sanda, a buga mishi hatimi, sai ya ɗauka shi ke nan ya yi legalize, ko ina a duniya za a karɓa. A'a wallahi, wannan hatimin cewa kawai yake kwafin ya yi daidai da orijinal, a cikin gida Nijar yake aiki.

In Saudiyya ko Masar za ka kai takardar, sai ta bi ta ma'aikatar harakokin waje a Yamai su tabbatar da sa hannun wanda ya bada ita, bayan nan ambasad ko konsila na ƙasar da za ka su ma su buga nasu a kai, kuma da yawa sai an fassara ta tukuna wajen mai fassara da ya yi rantsuwa a kotu, ba wani abokinka da ya iya Larabci ba.

Konsila kuma ba cewa take diplom ɗinka daidai yake da nasu ba, sa hannu da hatimi kaɗai take shaida.

Abin da ya fi bani tausayi ɗalibai ne, yaro ya sha hanya kusan kilomita 900 zuwa Yamai a tarar harafi ɗaya a sunanshi ya bambanta da na fasfo, a maido shi. Ku duba suna da ranar haihuwa tun a gida, kaziye judisiye kuma, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke ma mutum hukunci, cikin wata 3 da fidda shi kawai ake karɓarshi, kar a fidda shi da wuri.