Hulata Ta Riga Ni Sauka

Tun da asubar ranar da za mu hau Dutsen Tebur, ƙanena da ke karatu a Cape Town ta Afirka ta Kudu ya ce, "Yaya, ka sa takalmin gudu, ka riƙo rigar sanyi." Na dube shi sheƙeƙe. Ni da na taso a gindin Dala, yau yaro ne zai koya mini hawan dutse? Na zumbula babbar rigar shadda, na kafa hulata zanna, na zura takalmin fata, domin hoton da zan aika gida ba na wasa ba ne.

Daga ƙasa, Dutsen Tebur bai da wani abin tsoro. Samansa a shafe yake kamar an sa wuƙa an yanke, shi ya sa sunan. Tun 1929 akwai keken igiya mai kai mutane sama, na yanzu ma yana ɗaukar mutum 65 yana juyawa da su, cikin minti biyar an isa. Da na ga tsawon layin, na kuma lissafa kuɗin tikiti da naira, sai na ce a ƙafa za mu hau. Yaron bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi.

Muka bi kwazazzabon Platteklip. Jama'a, matakalar dutse ce wadda ba ta san gajiya ba. Kowane lungu na ce mun iso, sai wani ya ɓullo. Wata tsohuwar Baturiya da sandarta ta wuce ni, har da yi mini sannu. A nan ne ƙanena ya ga ya dace ya sanar da ni cewa ƙololuwar dutsen mita 1,086 ce. Na ce masa wannan labarin a gida ya kamata ya ba ni.

Na zauna in huta, na buɗe ƙullin kilishina, sai ga rema sun kewaye ni, ƙosassu, ba kunya ba tsoro. Ƙanena ya ce an hana ba su abinci, kuma wai masana sun ce dangin giwa ne. Na ƙare wa ɗaya kallo, bai fi kyanwar gidanmu ba. To, kowa dai da babban ɗan'uwansa a birni.

Bayan awa huɗu muka kai, ina jan ƙafa. Na gyara tsayuwa, na saɓa hannun riga, don tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare, ya fito a bayana. Sai iskar da suke kira Likitan Cape ta taso. Babbar rigata ta cika fam kamar laima, na rungume wani dutse ina salati, hulata kuwa ta yi sama, ta miƙi hanyar teku ba sallama. Kafin in farfaɗo farin gajimaren nan da suke ce wa mayafin tebur ya lulluɓe mu, sanyi ya shiga ƙashi.

Na ce, "Ƙane, a sayo tikitin nan ko nawa ne."

"Yaya, an dakatar da keken saboda iska."

Da ƙafar da ta kawo mu muka sauka, ni a cikin rigar sanyinsa.

Da dare na tura wa Hajiya hoton: fari fat, sai kaina tsirara a tsakiya. Ta aiko da saƙon murya: "Ashe can ma hazo ake? Ina kuma hularka?"